A ba iyaye awa ɗaya a makaranta

Ranka ya daɗe Edita,

Ɗana ɗan aji huɗu ya haɗa mota da gwangwanin madara, murafan kwalba ne tayoyinta. Da ya kai ta makaranta sai malam ya ƙwace, wai shiririta ce. Ban ga laifin malamin sosai ba, ajin cike yake maƙil.

Mu iyaye ma ba ma leƙa makaranta sai an kira taron kuɗi. Ga gidan tarihi a titin Ali Akilu mai mutum-mutumin yumɓu na mutanen Nok na zamanin da, ga Arewa House, gidan Sardauna, amma ɗana bai taɓa shiga ba. A cikinmu akwai kafinta, tela da bakanike. Hedimastoci su ba mu awa ɗaya duk Alhamis mana, mu zo da kayan aikinmu yara su taɓa, su yi tambaya.

Wani uba,
Tudun Wada, Kaduna