Tiyatar Dajin Harshe: A Duba Naman Kafin A Ɗinke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan wani mawuyacin hali da likita kan shiga idan ya zo yanke ciwon daji daga harshe. Ido ba ya ganin inda ƙarin ya tsaya, domin yakan kutsa can cikin tsoka, kuma ƙa'ida ita ce a cire shi tare da lafiyayyen nama na aƙalla milimita 5 kewaye da shi. Idan likita ya rage hannu, ciwon na iya dawowa. Idan kuma ya zarce, majiyyaci zai farka magana da haɗiya suna gagararsa, alhali abin da aka yanke ba zai sake tsirowa ba.

Wannan ne ya sa masana ke neman hanyar da za a san gaskiyar naman tun majiyyaci yana kwance. A 2013 Zoltan Takats da abokan aikinsa a Imperial College ta Landan suka bayyana sakamakon gwajin wuƙar iKnife, wadda ke zuƙe hayaƙin da ke tashi yayin yanka da lantarki, ta tantance sinadaransa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. A Rotterdam ta ƙasar Holan kuwa, da hasken lesa masu bincike ke auna ruwan da ke cikin naman, saboda sun gano cewa dajin harshe ya fi lafiyayyen nama ruwa.

Sai dai waɗannan na'urori suna da tsada, kuma har yanzu ana kan gwada su. Abin da ya fi kusa da hannunmu tsohuwar dabara ce da Louis Wilson ya bayyana a asibitin Mayo na Amurka tun 1905: a daskarar da gutsuren nama, a yanka shi siriri, a duba da madubin likita, amsa ta iso ɗakin tiyata cikin kamar minti 20 zuwa 30. Ba ta rasa nakasu, don gutsure kawai take gani, amma ta fi a jira kwanaki sannan a ce wa mutum sai an sake yanka shi ko an ƙara masa da gashin wurin da hasken na'ura mai kashe ƙwayoyin daji.

Saboda haka nake kira ga hukumomin lafiya da su tabbatar duk asibitin da ke wannan tiyata yana da injin daskarewa mai aiki, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ƙwararren mai duba nama a kusa da ɗakin tiyata.

Wassalam.
Mai karatunku daga Zariya