A Daina Yi Wa Dattijon Labari Fassarar Sama-Sama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida tamu in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ta yi yawa a sharhin ƙagaggun labarai, musamman a rubutun ɗalibai. Da zarar an ga tsohon da ke ba tauraro shawara zaune a gindin bishiya, sai a rubuta cewa bishiya alamar hikima ce, a wuce gaba. Abin yana damuna, domin ƙananan taurari ba su samun shafuka da yawa. Abin da marubuci bai faɗa game da su kai tsaye ba, sau da yawa a jikin itace, ruwa, tsuntsu ko iska yake ɓoye shi.

Gano ma'anar irin waɗannan abubuwa yana buƙatar karatu biyu. Na farko don jin labari. A na biyu sai a ɗauki takarda a raba ta gida huɗu: lambar shafi, abin da aka ambata, halin da abin yake ciki, da kuma bakin da maganar ta fito. A cika ta a duk inda dattijon ya bayyana, har da inda aka tuna shi bayan ba ya nan. Abin da ya zo sau ɗaya ko biyu, a ganina, adon wuri ne kawai. Wanda ya kai sau uku, kuma yake faɗowa daidai lokacin da ake yanke shawara mai nauyi, shi ya cancanci a kira shi alamci, wato abin da ke wakiltar wata ma'ana ta ɓoye.

Gida na uku ne ke da tsoka. A ɗauka akwai wata tsohuwa da tauraruwa ke kai wa kukanta. A shafi na 12 bishiyar ƙofar gidanta ta yi luf-luf da ganye, kowa na shan inuwa. A shafi na 70 marubuci ya ce ƙasan bishiyar fayau take, ko ciyawa ba ta tsira. A shafi na 140, ranar da yarinyar ta fara ƙin bin maganar tsohuwar, iska ta karya babban reshe, rana ta sauko kan wani ɗan tsiro. Wanda ya tsaya a shafi na 12 zai ce tsohuwar mafaka ce. Wanda ya jera ukun zai ga cewa inuwar da ke kare yarinyar ita ce kuma ke hana ta girma, kuma marubucin yana son tsohuwar amma bai wanke ta ba. Bishiyar ɗaya ce, halinta ne ya sauya, saboda haka a fi sa ido kan aikatau da sifa, wato kalmomin da ke nuna abin da ya faru da abu da kuma yadda yake, fiye da sunan abin.

Gida na huɗu yana hana ruɗani. Idan mai ba da labari ne ya kamanta dattijo da dutse, wannan hukuncin littafin ne. Idan tauraron da aka hana abin da yake so ne ya faɗa cikin fushi, taurin kai yake nufi. Idan kuwa dattijon ne ya kamanta kansa, to yadda yake so a gan shi ke nan, kuma mai yiwuwa labarin ya ƙaryata shi nan gaba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗauko ma'ana daga waje. Tsoffin Girkawa sun haɗa mujiya da Atina, wadda suka ɗauka allahiyar hikima, alhali al'ummomi da dama mugun fata suke gani a kukanta. Sai an san al'adar da littafin ya fito daga cikinta, sannan a duba abin da ya faru bayan tsuntsuwar ta yi kuka. Kuskure na biyu shi ne mayar da kowane hadari saƙo. Tun a 1856 John Ruskin, masanin Ingila, ya yi magana kan yadda marubuta ke jingina wa halitta halin zuciyar mutum. Ruwan da ya sauka ranar jana'izar dattijo yana iya zama baƙin cikin masu makoki ne kawai, bai ce komai game da halin mamacin ba.

Kafin a miƙa sharhi, a gwada fassarar da aikin dattijon. Idan an ce kogi yana nuna haƙurinsa, a kawo aƙalla wurare biyu da ya yi haƙuri a aikace, tare da lambar shafi, sannan a nemi wuri ɗaya da ya saɓa. In an samu, a rubuta shi a cikin sharhin, kada a ɓoye. Ina roƙon malamai masu duba takardu su riƙa neman wannan takarda mai gida huɗu tare da sharhin ɗalibi.

Wassalam.

Daga wani malamin adabi