Keken mutum biyu ya hana ni da uwargida zaman jinya a Legas

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili, magana ce a kan lafiya amma sai na biyo ta kan keke.

Ni ɗan kasuwa ne a Agege, shekarata 46, kuma duk wanda ya san zaman shago a Legas ya san yadda abin yake, daga kujera sai masallaci sai kujera, shayi mai madara da safe, tuwo da dare, tumbi na ta gaba abinsa. Bara likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, uwargida kuma sugarta na bakin layi, ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a sati, ko minti 75 na mai tsanani. Na ce toh ni ina zan samu minti 150, mai tsananin dai ya fi min.

Ana haka na ci karo da wani keke tokumbo a wajen mai sayar da kayan gwanjo, dogo ne ya kusa mita biyu da rabi, sirdi biyu, feda biyu, kai biyu. Jama'a ku gane, wannan ba goyo ba ne irin wanda muke yi a kariya muna yara. Na baya ma tuƙi yake, akwai wata sarƙa ta daban a gefen hagu da ta haɗa fedar gaba da ta baya, in ƙafata ta juya dole ta uwargida da ke baya ta juya, in na tsaya dole ta tsaya. Giya da burki da kan keke duk suna hannun na gaba. A miƙaƙƙiyar hanya kuwa gudu gare shi kamar me, don ƙarfin mutum biyu ne amma iska mutum ɗaya take bugu, na baya a ɓoye yake. Har tsere ake da shi a gasar Olamfik sai bayan 1972 aka cire, kuma har yau a gasar masu buƙata ta musamman makafi da shi suke tsere, mai ido a gaba makaho a baya.

Atisayen da muke yi ni na sa masa suna matsa-ka-sassauta. Masana a jami'ar Trondheim ta ƙasar Norway ne suka yi fice da shi: a fara ɗumama jiki minti 10, sai a matsa da ƙarfi minti 4, a sassauta minti 3, a maimaita sau 4, shi ke nan a koma gida. Lokacin matsawa ana so bugun zuciya ya kai kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari na iyakarsa, kuma lissafin da aka saba a cire shekarun mutum daga 220, kirdado ne dai amma yana taimakawa. Nawa ya kama 174, kenan in matsa sai na wuce 148. Ita shekararta 35, nata 185, sai ta haura 157. Akwai kuma na wani ɗan Japan Izumi Tabata na 1996, sakan 20 da dukkan ƙarfi, sakan 10 hutu, sau 8. Mun gwada shi sau ɗaya, keken ya dinga layi kamar mashayi har na kusa kai mu kwata, ba mu ƙara ba.

Toh ga inda gizo ke saƙar, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Sarƙa ta ɗaure ƙafafunmu su juya tare amma ba ta ɗaure ƙarfinmu ba, mutum zai iya bin feda kawai ba ya dannawa kuma na gaba ba ya ganin na baya. Satin farko wallahi faɗa muka dinga yi. Ina haki kamar zan mutu na ce Maman yara kina tuƙawa kuwa ko dai ni kaɗai nake jan mu, ta ce haba Alhaji, ka sa giya mara nauyi kana wulwula ƙafa kamar injin markaɗe ta ina zan samu in danna, gwiwata ma ta kusa fita. Ranar ta sauka ta ce adaidaita za ta hau ta koma gida, kuma ta hau ɗin, ni na turo dogon keke ni kaɗai yara na bina suna dariya.

Da na huce na ga ita ce da gaskiya. Ni na fi son juyi da sauri, ita ta fi son giya mai nauyi a hankali, sai muka tsaya a tsakiya, na ƙara giya ɗaya ita kuma ta ɗan ƙara sauri. Sannan na miƙa mata agogo, tunda ita ba ruwanta da kallon hanya, wayarta na maƙale a bayan sirdina. Ita ke cewa saura sakan goma, matsa, sassauta. Ni kuma dole in sanar da ita komai kafin in yi, zan canja giya, ga rami, zan ja burki, don ba ta ganin komai sai bayan rigata, kuma rami in ya zo na baya ya fi shan wuya. Kowa zuciyarsa yake bi ba ta ɗan'uwansa ba, in ta kai 160 ni ina 145 ni ne zan ƙara dannawa, ba ita ba. Ranar da ba mu ɗaura agogon bugun zuciya ba da magana muke gwadawa, in dai tana iya yi min lissafin kuɗin cefane tiryan-tiryan toh ba ta matsa ba, in ta kai sai kalma biyu uku ke fita an zo wajen.

Surutun mutane kam mun sha. Wani maƙwabci ya ce na fitar da matata titi, na ce masa da dogon wando da hijabi take fita, hijabin gajere ne dai don kar sarƙa ta ja, kuma da mijinta take, hakan ya fi min alheri a kan in kai ta layin asibiti duk wata. 'Yan danfo kuma sai ihu, aboki ka ɗauko madam. Mun saba.

Babbar matsalar hanya ce. Minti 4 na matsawa yana cin kusan kilomita biyu, ina za ka samu kilomita biyu a Legas ba rami ba tudun rage gudu ba danfon da zai tsaya maka a gaba ba sigina? Gadar Lekki-Ikoyi da 'yan gayu ke motsa jiki a kai ko kilomita ɗaya da rabi ba ta kai ba, kuma ta yi mana nisa. Mu dai bayan sallar asuba ranar Asabar da Lahadi muke lallaɓawa Ikeja GRA kafin gari ya waye sosai, da fitila gaba da baya da hular kwano, muna zaga layi ɗaya. Da gwamnati za ta rufe ko titi ɗaya a kowace shiyya safiyar Lahadi na awa biyu saboda masu keke da masu tafiya a ƙasa, da an rage mata cunkoso a asibitoci.

Wanda ke da hawan jini ko ciwon zuciya kar ya ce zai kwaikwaye mu sai ya ga likita, mu ma sai da muka yi wata guda muna tuƙi a hankali kafin muka fara matsawa, kuma sau biyu a sati ya isa. Awon watan jiya dai likita ya yi murmushi, wandona ma sai da tela ya rage masa ƙugu.

Sai roƙo ɗaya, sarƙar hagun nan ta fara sakwarkwacewa, masu gyaran keke uku na kai wa duk sun ce ba su taɓa ganin irinta ba, ɗaya ma cewa ya yi a yanke keken a yi biyu. In akwai mai karatu da ya san gwanin gyara a Agege ko Idi-Araba ya taimaka ta wannan shafi, don uwargida ta ce ranar Asabar ba fashi.

Naku,
Mai karatu daga Zangon Agege, Legas.