Barkwancin Bayahude da kuɗi bai dace da shafinku ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na daɗe ina bin shafinku na raha, amma barkwancin makon jiya, na Bayahuden da ya gwammace a sare masa hannu da ya saki kwabo, ya sosa mini rai.

A Beljiyam nake zaune, kuma na ga inda irin wannan wasa ya kai mutane. A watan Maris na 2019, a bikin shekara-shekara na garin Aalst, wasu suka fito da mota ɗauke da manyan mutum-mutumi na Yahudawa masu lanƙwasasshen hanci, a kan tulin kuɗi, ɗaya har da ɓera a kafaɗa. Magajin garin ya ce raha ce kawai. A watan Disamba na shekarar hukumar UNESCO ta cire bikin daga jerin al'adun duniya, inda ta saka shi tun 2010. Ba su suka ƙirƙiro wannan siffa ba. Da ita jaridar Der Stürmer ta ɗan Nazi Julius Streicher ta yi ta cika shafukanta a Jamus zamanin Hitler, har mutane suka daina ganin maƙwabcinsu a matsayin ɗan Adam. Daga barikin Mechelen na nan ƙasar aka loda Yahudawa kusan 25,000 a jiragen ƙasa zuwa Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, tsakanin 1942 da 1944, ƙalilan ne suka dawo.

Mu ma muna da wasa mai zafi, na sani. Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, kowa ya caki ɗan'uwansa, wancan ya rama nan take, a tashi ana dariya. To wane Bayahude ne a wurin da zai rama? Bayan idonsa ake yi, kuma da kalaman da aka kashe kakanninsa da su.

Wani zai ce, Gaza fa? Wallahi ni ma abin yana ci mini rai. Amma gwamnatin Isra'ila daban, tsohuwar da muke haɗuwa da ita a shagon burodi, wadda ba ta taɓa riƙe bindiga ba, daban. A 2005, da wata jarida a Denmak ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), su ma 'yancin raha suka fake da shi, kuma ba mu karɓa ba.

Ina roƙonku ku sauke barkwancin daga shafinku na intanet, don yara suna ta tura shi a WhatsApp.

Naku,
Mai karatu daga Brussels