Zuwa ga Malam Sani a Manchester

Assalamu alaikum, Malam Sani. Ya karatu, ya baƙunta? Ina fata kana lafiya.

Na rubuto ne in janye maganar da na yi maka kafin ka tashi, cewa sanyin Ingila hunturu ne da aka ƙara wa ƙarfi. Kuskure na yi, kuma shawarar rigar sanyi ɗaya mai kauri da na ba ka ba za ta fisshe ka ba.

Hunturunmu busasshe ne. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙura daga Bodele a Chadi. Da asuba a Kano ma'aunin zafi kan sauka wajen 13, amma da azahar ya kusa 30, har mutum ya tuɓe rigar sanyi. Nan wajenku a Janairu yakan tsaya wajen 7 ko da tsakar rana, ga yayyafi, ga danshi, kuma a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4. Jiƙa ce abokiyar gabarka.

Saboda haka ka sa kaya hawa uku. Na ciki kada ya zama auduga, domin tana shan gumi ta riƙe, ta manne a jiki da sanyi. Ka nemi na ulu. Sai suwaita a tsakiya, sannan jaket mai hana ruwa da iska. Takalmi ma wanda ruwa ba ya ratsawa, don safa in ta jiƙe, yinin ya lalace.

Ɗaki ka riƙe zafinsa a digiri 18. In ka shanya wanki a ciki ka rufe ko'ina, tururin zai kwanta a gilashin taga da bango, bayan 'yan makonni ka ga baƙin fumfuna a bayan gado. Ka buɗe taga minti 10 kowace safiya. Kaskon gawayi kuwa kul, kada ka kunna shi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a barci take kashe mutum.

Hasken rana ba ya isa daga Oktoba zuwa Maris, shi ya sa hukumar lafiya ta NHS ke ba da shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum, ga masu baƙar fata ma duk shekara. Man kaɗanyar da ka tafi da shi dai yana nan da amfaninsa, don hita na busar da fata.

Ka gaida Hajiya in kun yi waya.

Naka,
Bashir