Wasiƙa daga Landan: Masu Titsiye Magajin Gari

Aminina Malam Bala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da uwargida da yara. Ina taya ka murnar kujerar kansila, Allah ya taya riƙo. Ka tambaye ni wa ke taka wa magajin garin Landan birki idan ya so yin gaban kansa. To, ga abin da na gani.

Kujerar ba tsohuwa ba ce. A shekarar 2000 aka fara zaɓenta, Ken Livingstone ya hau, Boris Johnson ya gaje shi a 2008, tun 2016 kuma Sadiq Khan ne a kai. Ranar da ake zaɓen magajin gari, ranar ake zaɓen majalisar da za ta sa masa ido, mai mutum 25: 14 daga mazaɓu, sauran 11 ana raba su bisa ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu a faɗin birni. Ta wannan ƙofar ce ƙananan jam'iyyu ke shigowa, kuma sau da yawa su suka fi iya tambaya.

Sau goma a shekara dole ya zo gabansu ya amsa tambayoyi, kuma kowa na iya shiga ya zauna ya kalla. Na je zaurensu da ke gabashin birni, bakin ruwa, inda suka koma a 2022. Shi kaɗai a teburinsa, su kuma sun yi masa zobe. Kowace jam'iyya da mintocinta gwargwadon kujerunta, agogo na tafiya. Sai ka ga ɗan adawa ya jefa tambaya gajeriya kan kuɗin bas ko yawan 'yan sanda, shi kuwa gogan naka ya kama dogon bayani don ya cinye masa lokaci, wancan yana katse shi: ee ko a'a? 'Yan jam'iyyarsa kuwa, tambayar tasu rabinta kirari ne. Wannan kam ko'ina ɗaya ne.

Amma kada ka ɗauka suna da ƙarfin da kake zato. Ba su iya tsige shi. Kasafin kuɗin da ya kawo, wanda ya haɗa sufuri da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, ba sa iya canja shi sai da kashi biyu cikin uku, wato mutum 17. Ka ga ke nan mutum 9 kawai yake bukata su tsaya masa, komai ya wuce. A zaɓen 2024 jam'iyyar Sadiq Khan ta Leba ta samu 11. Yi lissafin da kanka. Haka aka yi ta kumfar baki kan faɗaɗa harajin tsofaffin motoci masu hayaƙi, fam 12.50 a kullum, amma a watan Agustan 2023 ya game duk birnin. Ni dai a ganina wannan ka'ida ta yi wa majalisar tsauri.

Inda suke da haƙori shi ne sammaci. Suna iya kiran jami'i, su ce ya zo da takardu. Akwai wani aikin gadar lambu, wato gadar masu tafiya a ƙafa mai shuke-shuke, da Boris Johnson ya ɗaure wa gindi a kan kogin Tems lokacin yana magajin gari. Aka kashe kusan fam miliyan 53, akasarinsu kuɗin jama'a, aka watsar da aikin a 2017 ba a gina komai ba. A 2018 majalisar ta aika masa sammaci, alhali yana ministan harkokin waje, ya zo ya zauna ya sha tambayoyi. Kuɗin ba su dawo ba, amma jama'a sun ji yadda aka ba da kwangilar da wanda ya sa hannu. Tambayoyin da aka rubuta ma, da amsoshinsu, duk suna intanet. Ɗan jarida na iya zaƙulo alkawarin bara ya aza shi kusa da aikin bana.

Shawarata gare ka, tunda kun fara zama: ku nemi a tsayar da ranar da ciyaman zai riƙa zuwa gabanku, a bar ƙofa a buɗe, sakatare ya rubuta amsarsa. Ka rubuto mini yadda ya karɓi maganar.

Ka gaida Hajiya da mutanen majalisarmu ta ƙofar gida. Kilishin ya iso lafiya, na gode.

Naka,
Garba