Wandon Ruwa da Bushewar Ƙafar Mai Zuwa Aiki a Kan Keke

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu hawa keke zuwa wurin aiki ko makaranta, a kan wani abu da ake rainawa amma yake sa mutane da yawa su jingine kekensu da zarar damina ta kankama, wato jiƙewar ƙafa. Mutum yana iya jure rigarsa ta ɗan jiƙe, domin takan bushe a jikinsa kafin hantsi, amma safa da takalmin da suka sha ruwa da safe sukan wuni a haka, mai su kuma ya wuni yana aiki da ƙafa cikin sanyi da danshi. Ruwa yana janye ɗumin jiki fiye da yadda iska ke janyewa kusan sau 25, kuma ƙafar da ke daɗewa cikin laima ita ce cin ruwa ke kamawa tsakanin yatsu. Ga mai ciwon suga kuwa, wanda ɗan ƙaramin rauni a ƙafa kan daɗe bai warke masa ba, lamarin ya wuce batun jin daɗi.

Abin da nake so in jawo hankali a kai shi ne, mutane da yawa kan sayi wandon ruwa mai kyau, su sa shi, cinyarsu da gwiwarsu su bushe sarai, amma su isa wurin aiki takalminsu cike da ruwa fiye da ranar da ba su sa komai ba. Dalilin a fili yake. Wandon yadi yana shanye wani kaso na ruwan da ya zubo masa, shi kuwa wandon ruwa ba ya shan ko ɗigo, sai ya tattara duk abin da ya sauka a cinya da gwiwa ya gangaro da shi ta ƙwauri, ya tsiyaye shi daidai wuyan takalmi. Saboda haka duk wanda zai zaɓi wandon ruwa domin hawan keke, ya fara duba bakin ƙafar wandon kafin ya dubi launinsa ko sunan kamfanin da ya yi shi.

Tsawon da ya ishi mai tafiya a ƙasa ba ya isar mai keke. Idan feda ta hau sama gwiwa ta lanƙwashe, ƙafar wando takan ɗage da faɗin yatsu uku ko huɗu, idon sawu ya fito fili, kuma wannan yana faruwa a kowane juyi na feda. Don haka kada a gwada wandon a tsaye kawai. A sa shi a kan tufafin da aka saba zuwa aiki da su, a ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera yadda gwiwa za ta lanƙwashe sosai, sannan a dubi inda bakinsa ya tsaya. Idan safa ta bayyana, wandon ya yi gajere, ko da kuwa a tsaye yana share ƙasa. Wandon da aka ɗinka musamman domin keke yakan zo da gwiwa mai ɗan lanƙwasa da ƙugu mai tsawo ta baya, domin kada ruwa ya shiga ta gadon baya sa'ad da mahayi ya sunkuya. Yakan kuma zo da maɗauri a idon sawu, wanda ke hana ƙafar wandon ta dama shiga sarƙar keke, da zik mai tsawo a gefe wanda zai ba mutum damar zura wandon a bakin hanya ba tare da ya cire takalmi ba.

Duk da haka, wando shi kaɗai ba ya rufe takalmi. Wasu wandunan suna zuwa da ɗan murfi a haɗe da bakin ƙafa, wanda ake janyowa a lulluɓe saman takalmi, a maƙale shi da roba ta ƙarƙashin tafin ƙafa, kuma a ganina wannan shi ne mafi dacewa ga wanda tafiyarsa ba ta da nisa, domin babu wata kafa tsakanin wando da takalmi da ruwa zai bi. Akwai kuma rigar takalmi da ake saya daban, wadda ake zurawa a kan takalmin har zuwa ƙwauri. A nan ne ake yawan yin kuskuren da ke ɓata komai, domin da yawa sukan cusa ƙafar wandon a cikin rigar takalmin, suna ganin hakan ya fi tsari. Daidai shi ne wando ya sauko a kan rigar takalmi, kamar yadda ake jera kwanon rufi na sama ya hau kan na ƙasa, ta yadda ruwa zai wuce ta waje har ya faɗi ƙasa. Haka ma rigar ruwa ta sauko a kan ƙugun wando. A lura kuma cewa rigunan takalmi da ake yi da roba mai kauri irin ta kayan masu ninƙaya an yi su ne domin ƙasashe masu tsananin sanyi. Suna riƙe ɗumi, amma sukan jiƙe idan ruwa ya daɗe, kuma a wuri mai zafi sai su dafa ƙafa. Siririya wadda ruwa ba ya ratsawa ta fi amfani a irin wannan wuri.

Ba daga sama kaɗai ruwan ke zuwa ba. Tayar gaba tana ɗebo ruwan titi da laka tana watsa su kai tsaye a kan yatsun ƙafa, kuma takan ci gaba da yin haka ko bayan an ɗauke ruwa, muddin titi bai bushe ba. Murfin taya mai tsawo, wanda aka ƙara wa leɓen roba a ƙarshensa har ya kusa taɓa ƙasa, yana tare mafi yawan wannan feshi. Ina ganin bai kamata mutum ya kashe kuɗi a kan wando mai tsada ba alhali kekensa ba shi da wannan murfi.

Game da yadin kansa, akwai lambobi biyu da akan rubuta a jikin kaya masu inganci, kuma yana da kyau mai saye ya san ma'anarsu. Ta farko ana rubuta ta da milimita, tana nuna tsayin ruwan da za a iya tarawa a kan yadin kafin ya fara ɗiga. Yadi mai 5,000 yana iya tare yayyafi da ruwa matsakaici, amma mai keke yana danne yadin a kan sirdi da nauyin jikinsa, yana kuma miƙe shi a gwiwa, don haka 10,000 ko sama da haka ya fi kwantar da hankali. Lamba ta biyu tana nuna yawan tururin gumi, da giram, da zai iya fita ta murabba'in mita ɗaya na yadin cikin awa 24. Wannan ta biyun ce aka fi mantawa da ita, alhali matsalar gumi ta girmi kowa a cikinmu. Tun a 1823 da Charles Macintosh ya yi rajistar yadinsa mai roba a tsakanin falle biyu a Birtaniya, masu sa shi suke kukan zafi da zufa, kuma sai a 1969 ne Bob Gore a Amurka ya gano siririyar fatar roba da aka gina yadin kayan ruwa mai suna Gore-Tex a kanta, mai ƙananan ƙofofin da tururi ke iya fita ta cikinsu amma ɗigon ruwa ba ya iya shiga. Wandon leda zalla ba ya barin komai ya fita, sai gumi ya taru a cikinsa ya gangara cikin safa, mutum ya ɗauka wandon ne ke yoyo. Ko yadi mai numfashin ma ƙarfinsa yana raguwa idan iska tana da zafi da laima, shi ya sa sassauta gudu a ranar ruwa yake cikin dabarun isa a bushe.

Kafin a biya kuɗi, a juya wandon ciki waje a dubi ɗinkinsa. Kowace huda ta allura ƙofa ce ga ruwa, kuma wando na ƙwarai za a ga an bi duk ɗinkinsa an manne da siririn tef, musamman a tsakanin cinyoyi inda yake gogar sirdi. Idan zaren yana fili babu abin da ya rufe shi, lambar da aka rubuta a jikin wandon ba za ta hana shi yoyo ba.

Akwai safa da ruwa ba ya ratsawa, kuma tana da amfani, sai dai takalmin zai jiƙe duk da haka, kuma idan ruwa ya shiga ta bakinta ba ya samun hanyar fita, don haka ita ma dole wando ya rufe bakinta. Takalmin roba mai dogon wuya yana tare ruwa sosai idan wando ya sauko a kansa, amma yana da nauyi kuma yakan zame a kan jiƙaƙƙiyar feda. A ƙarƙashin kowanne, safar ulu ta fi ta auduga, domin ulu yana riƙe ɗumi ko ya jiƙe. Mai hikima kuma yakan ajiye busasshiyar safa a jaka cikin leda, idan takalmi ya jiƙe ya cusa masa tsohuwar takarda ta tsotse ruwan.

Ina so in ƙara da batun tsaro, tun da ranar ruwa direbobi ba sa gani sosai. Wandon da ke da ƙyalle mai ƙyalli a idon sawu ya fi wanda ba shi da shi, domin hawa da saukar ƙafa a kan feda yana sa direba ya gane tun daga nesa cewa mai keke ne a gabansa. Wajen wanki kuma a guji sinadarin tausasa tufafi, domin yana lalata shafen da ke sa ruwa ya mirgine daga jikin yadin, a kuma bar wandon ya bushe kafin a naɗe shi.

Roƙona ga masu sayar da waɗannan kaya shi ne su riƙa barin mai saye ya gwada wandon a kan tufafinsa da takalminsa, ya lanƙwasa gwiwa ya gani. Ga masu ɗaukar ma'aikata da shugabannin makarantu kuwa, ina roƙon su ware ɗan wuri mai iska inda masu zuwa a kan keke za su rataye jiƙaƙƙun kayansu, domin su same su a bushe lokacin tashi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta wannan jarida, kuma mahayin keke